Kiran Shanun Baffa

Rumfata tana ƙarshen layin teloli a kasuwar Sabon Birni. Kwano huɗu ne da katako, da benci ɗaya, da faifan sola a kan rufi wanda nake hawa in goge kowace safiya. A allon da na rataye na rubuta abu uku: caji, gyaran waya, tura waƙa. Na ukun ne ya fi kawo abinci, kuma shi ne ya ja mani abin da har yau in na tuna sai tuwo ya fita raina.

Shekarun fari ne. Damina biyu a jere ruwa ya yi mana rowa. Gero ya fito ya kai gwiwa, ya tsaya nan ya yi ja, mutane suka yanke shi suka ba awaki. Gulbi ya koma rairayi, mata na tona shi da ƙwarya suna jiran ruwa ya tsatso. In ka hau kabu-kabu zuwa Isa ba ka rasa mushen saniya a gefen hanya, har ungulu sun ƙoshi sun bari. Ga fari, ga 'yan bindiga. Wanda ya samu ya tsirar da dabbarsa daga yunwa, sai ya koma tunanin wa ya gan ta, wa kuma zai kai labari daji.

Ni kuwa a lokacin abin da ya cika mani kai daban ne. Ina da wata tsohuwar laftof da wani ɗan kasuwa mai kai kaya Maraɗi ya sayo mani. Haruffanta a hargitse suke irin na Faransanci, ka nemi wannan ka danna wancan, sai da na yi wata guda ina zaginta kafin yatsuna su saba. Manhajar da ta zo da ita kuwa ta zama juji, don kowane memori na sa mata sai ya bar mata bairos. Ran nan na gaji, na bi ɗan kasuwar zuwa Maraɗi. Wani mai gyara a can ya share ta tas, ya sa mata wata manhaja ta kyauta. Ya ce wannan ba ta kamfani ba ce. Mutane ne a ƙasashe daban-daban suka yi mata aikin gayya, suka bar cikinta a buɗe, kowa na iya dubawa ya ga abin da take yi, ba ta ɗaukar sirrinka ta kai wa wani a ɓoye. Wallahi maganar nan ta shige ni. Na dawo gida kamar wanda ya yi sabon tuba.

Daga nan na ishi mutane. Duk wanda ya kawo waya sai na yi masa wa'azi: wayar nan tana jin ka, ta san inda ka kwana, waɗanda suka ƙera ta suna tara labarinka. Na liƙe idon kyamarar laftof da salatif. Ina sa wa tsofaffi lambar sirri, su manta ta kafin la'asar, su dawo suna yi mani faɗa. Maƙwabcina tela, mutum mai baki, shi ya laƙa mani sarkin sirri.

"Sarkin sirri," in ji shi, "mu da tukunyarmu ba ta hau wuta ba tun jiya, mi Bature za shi leƙa? In ya leƙo ma, ka ce mai shi aiko muna da dawa."

Nakan ji haushi in ce masa jahilci ya fi hauka wuyar magani. Shi kuma ya yi dariya ya ci gaba da taka kekensa.

To, ga abin da ban taɓa sawa cikin wa'azina ba. Mu masu tura waƙa muna da wata al'ada. Duk wayar da ta shigo hannunka, ko caji kawai aka kawo ta, kana zare memorin ka kwashe abin da ke ciki ka zuba a kwamfutarka. Da haka kaya ke taruwa: wa'azi, waƙoƙin Nijar, dambe, kokawa, fim. Wanda ya koya mani sana'ar haka ya koya mani, kuma ban taɓa jin wani a cikinmu ya kira wannan sata ba. Mai wayar bai rasa komai ba, abinsa na nan inda ya bar shi. Sa'an nan in mutum ya sayi waƙa kana ƙara masa gyara, kamar yadda mai gero ke ƙara ɗan tafi a kan tiya. Wanda gyararsa ta fi daɗi shi ke da kasuwa.

A shekarar fari ta biyu aka katse sabis a yankinmu saboda 'yan bindiga. Wayoyi suka koma rediyo da fitila. Masu layin Nijar na hawa tudu suna ɗaga hannu sama ko za su kama, sauran mutane kuwa duk abin da za su gani ko su ji sai ta memori, ko su tura wa juna ta bulutut. Rumfata ta cika. Ina jin kunyar faɗa, amma a shekarar da kowa ke ramewa ni kumatu na yi.

Baffa ba ɗan'uwanmu ba ne na jini. Bafulatani ne makiyayi, abokin mahaifina tun suna samari. Kowace kaka yakan sauke garkensa a gonarmu ta hanyar Gatawa, shanu su ci kara su bar mana taki, a aiko wa Inna nono da man shanu, mahaifina ya ba shi damin gero. Bayan rasuwar mahaifina bai daina zuwa gaida Inna ba. Ni Kaɗo yake kirana, yana cewa hannuna bai san komai ba sai danne-danne. Da farin nan ya yi tsanani sai ya ɓace da shanunsa. Yakan shigo kasuwa jefi-jefi, shi kaɗai, ya sayi kanwa da gishiri ya koma. In aka tambaye shi ina shanu, sai ya ce suna inda Allah ya aje su. Ba mai ja da shi, don kowa ya san a lokacin kalma ɗaya a kunnen infoma ta isa a wayi gari ba garke. Shanun nan su ya gada wurin ubansa, ba shi da gona, ba shi da gida a gari. Muddin ba a san inda suke ba, Baffa yana da abin da ake kira rayuwa.

Wata ranar kasuwa da hantsi ya zo rumfata. Ya buɗe jakarsa ta fata, ya warware wani tsumma, ya fito da waya mai babban gilashi. 'Yarsa da ke aure a Nijar ce ta aiko masa. Bai iya karatun boko ba, amma ya haddace inda ake dannawa a saurari karatu da inda ake ɗaukar hoto. Bakin cajin ne ya cika da rairayi ya daina kamawa.

"Kaɗo, bakinta ɗai za ka gyara," ya ce. "Kada ka taɓa cikinta."

"Haba Baffa, ni za ka gaya ma wa? Tambayi tela sunan da sunka sa mani kasuwar ga."

Har na tsaya na yi masa nawa wa'azin, na kamfanoni da kunnuwansu. Ya saurare ni da haƙuri, ya ce za shi wurin masu kanwa ya dawo. Yana ba da baya hannuna ya zare memorin ya sa a laftof. Ba za ni ɗora wa shaiɗan ba, ba kuma za ni ce na yi shawara da zuciyata ba. Hannu ne ya saba. Kafin in gama sakace bakin cajin da tsinke, kwafin ya ƙare. Na mayar da memorin inda yake. Baffa ya dawo ya ga caji ya kama, ya sa mani albarka, ya naɗe wayarsa cikin tsumma ya tafi.

Washegari kasuwa ba ta ci, na zauna ina tace abin da na kwasa, in ware mai amfani in zubar da sauran. Na Baffa ba yawa. Karatun Alƙur'ani ne, da wasu hotuna da yatsansa ya rufe rabinsu, da bidiyo guda ɗaya.

Ya jingina wayar ne a bakin komin ban ruwa, ya koma gaba ya ba ta baya. Ana ganin wata tsohuwar rijiya, da goriba uku a tsaye kusa da juna, ta tsakiyar tsawa ta ƙone mata kai. Bayansu sarƙaƙiya ce. Da farko ba komai sai ƙarar iska. Sai Baffa ya ɗora sandarsa a wuya, ya rataya hannuwa a kanta, ya yi kira. Na sha jin Fulani na kiran shanu, amma ban taɓa zama na saurara ba. Dogon sauti ne, ya hau ya sauko ya karye a ƙarshe, sa'an nan ya shiga kiran kowace da sunanta. Sai sarƙaƙiyar ta fara motsi. Wata tsohuwar farar saniya mai karyayyen ƙaho ta fara fitowa, sauran na biye da ita, farare da jajaye, maruƙa na tsalle a tsakaninsu. Ba za a ce sun yi ƙiba ba, amma haƙarƙarinsu a rufe yake. Suka kewaye shi. Ya jawo guga ya juye a komi, ruwa ya fantsamo har kan gilashin. A ƙarshe ya matso ya juyo da fuska, ya yi 'yar magana da Fillanci, na tsinci kalmar da ke nufin ɗiyata. Don 'yarsa ya ɗauka, ta ga shanun da ta tashi a cikinsu suna nan da rai.

Na kalla sau uku. A na ukun tela ya bar kekensa ya zo ya tsaya a bayana.

"Mi na na wanga?" ya ce.

Ya matso ya ƙura wa shanun ido. Bakin nan nasa ya mutu. A watan ne ya rabu da shanun nomansa biyu, don ba abin da zai ba su. Da bidiyon ya ƙare ya ce in mayar farko, da ya sake ƙarewa ya share ido da hannun riga.

"Ashe akwai sauran ruwa ga duniya," ya ce. "Tura mani, don girman Allah."

Ban manta abin da Baffa ya ce ba. Amma na san abin da tela bai sani ba, kuma sanin nan ne ya kai ni ya baro. Waya in ta ɗauki hoto tana rubuta wuri da lokaci a ɓoye a cikinsa, wasu lambobi ne, wanda ya iya zai karanta su ya je har inda aka tsaya. Manhajata tana da abin goge wannan. Na buɗe na goge, ban ko tsaya duba lambobin ba. Na yanke ƙarshen, inda fuskarsa ta fito. Na adana sabon a kan tsohon, don kada in bar wata kafa. Na ji daɗin kaina ƙwarai da gaske. Na ce wa tela yanzu ko wanda ya ƙera wayar bai isa ya san inda aka ɗauki wannan ba, sa'an nan na tura masa.

Kafin kasuwa ta zagayo, mutane sun fara zuwa suna cewa, "Sarkin sirri, a sa mani shanun nan." Sai na mai da shi gyara. Ka sayi wa'azi in ƙara maka shanu, ka sayi dambe in ƙara maka shanu. Abokan sana'ata na can ƙarshen kasuwa suka rasa me ya sa layina ya fi nasu tsawo. Na ga wani dattijo daga Kamarawa ya zauna a bencina ya kalla ya sake kalla, yana cewa tubarkalla, yana nuna mani wata ja ya ce kamar tasa da ta mutu. Mata na kalla a cikin gida. 'Yan kabu-kabu na sa shi a 'yar lasifikar da suke ɗaurewa a kan babur, ka ji kiran Baffa ya wuce da gudu ya nufi hanyar Isa. Mutanen da suka yi wata da watanni ba su ga saniya ta sha ruwa ta ƙoshi ba, me kake so su yi? Ban ga laifinsu ba. Ni kuwa har ina ganin sadaka nake yi, ina sanyaya wa bayin Allah rai.

Inna ce ta fara tsinka mani zare. Ta je suna a maƙwabta, na koma gida cin abincin rana na same ta zaune a kan tabarma, ba ta ko dubi kwanon ba.

"Muryar wa nij ji cikin wayar mutane?" ta ce.

"Inna, ba a ganin huskarshi."

"Ni na ce maka huska nig gani? Tun daga zaure na gane muryar. Ya san da wanga abu?"

Na gyara zama na fara yi mata bayanin lambobin ɓoye, da yadda na goge su, da yadda manhajata ba irin ta kowa ba ce. Ta bar ni na kai aya.

"Ka goge goribar?" ta ce.

Kafin in buɗe baki ta ci gaba.

"Kai ɗan gari na, itace duk ɗaya na gare ka. Wanda yat tashi daji, goriba ukun nan sun ishe shi. Ubanka ya yi shekara da shekaru da mutumen ga ba a ji kansu ba. Tashi ka tai ka gaya mai shi ɗaga daga wurin."

Na miƙe na fita. In tafi ina? Abu ɗaya da zai nuna mani hanya shi ne lambobin nan, ni kuma na goge su da hannuna ban karanta ba. Duk wanda ya taɓa kiwo ko farauta a yankin yana iya gane wurin, sai ni da na raba wa duniya. Kuma ba halin in bi mutane ina tambaya ina ne rijiya mai goriba uku, wannan ai shela ce. Na koma rumfa na buɗe laftof na yi ta tono ko tsohon zai dawo. Manhajar ta yi aikinta yadda na sa ta, babu abin da ya rage.

Washegari na hau kabu-kabu zuwa tsohuwar rugarsa ta hanyar Gatawa. Mai babur ɗin bai so zuwa ba, sai da na roƙe shi. Muka sami wurin fayau, sai duwatsun murhu da busasshen kashin shanu. Wata tsohuwa mai tsintar itace ta ce tun kafin damina suka tashi, ba ta san inda suka nufa ba, ta kuma dube ni irin kallon da ake yi wa mai tambayar da ba ta kamata ba. Muka juyo.

Na daina ba da gyarar. Wanda ya tambaya in ce ya ɓace mani. Sai su yi dariya, wani ya ce shi yana da shi, su tura wa juna nan gaban rumfata ina kallo. Na roƙi tela ya goge nasa, ya goge, amma ya riga ya ba ƙaninsa da surukinsa. Kasuwa biyu ina barin rumfa a hannun tela ina zuwa layin masu kanwa in tsaya, ko Baffa zai ɓullo. Bai zo ba. Na riƙa gaya wa kaina wata ƙila ya riga ya ɗaga, makiyayi ai ba ya daɗewa wuri ɗaya. Amma a shekarar da rijiya mai ruwa ta fi zinariya wuyar samu, na san ba inda za shi.

Ya zo ranar da ba ta kasuwa ba, da hantsi, a ƙasa. Ba jakar fata, ba sanda. Ban taɓa ganin Baffa ba sanda ba, hannuwansa kamar ba su san inda za su zauna ba. Wuyan hannun duk ya kumbura da shatin igiya. Ya zauna a benci muka gaisa. Ya tambayi Inna, ya tambayi aiki, ya tambayi zafi, bai tsallake ko ɗaya ba. Na kawo masa ruwa ya sha rabi ya riƙe kofin. Tela ya tsayar da kekensa.

"Bayan azahar sunka zo," ya ce. "Babura da yawa. Shanu na jin ƙugin inji sunka watse cikin sarƙaƙiya, don hakanan nis saba masu. Sunka ɗaure ni ga goriba, sunka cusa mani rawanina ga baki. Sunka shiga da sanduna suna kora, ko ɗaya ba ta hito ba. Shanuna ba su bin baƙo. Ina ɗaure ina ma Allah godiya, nic ce za su gaji su tahi."

Ya kurɓi ruwan.

"Sai wani cikinsu yaz zaro waya, ya haɗa ta da 'yar lasifika. Kaɗo, sai nij ji ni ina kira."

Tela ya ce innalillahi a hankali.

"Tsohuwar nan mai karyayyen ƙaho, ita ta hwara hitowa. Ta dube ni ga itace, ta dubi inda murya take. Ina ta gunji cikin tsumma. Ta daɗe tsaye. Sannan ta bi murya, sauran sunka bi ta. Bayan nan ba su bugi ko ɗaya ba. A hankali sunka tuƙa, in kira ya ƙare su maido shi, har nid daina ji."

Masu neman itace ne suka kwance shi washegari. Wayar da jakar da sandar duk an tafi da su. Ya faɗi wannan kamar yana ba da labarin wani. Sa'an nan ya ajiye kofin a ƙasa ya dube ni.

"Wayar nan ba ta taɓa zama hannun kowa ba sai naka. Ɗiyar ma da niy yi don ita ba ta gani ba, jira nike in ƙetara in nuna mata."

"Ni na, Baffa," na ce.

Kuma don rashin kunya irin tawa, har bakina ya fara kawo maganar lambobin da na goge. Na ji muryata tana faɗin wuri da lokaci, na ji yadda abin ke sauka a kunne, na haɗiye sauran. Na so ya zage ni. Na so ya mare ni, ko ya tara mani kasuwa, ko ya ce Allah ya isa, in san an fara biya na. Tela ya matso ya ce, "Baffa, ni nir roƙe shi, laihina na." Baffa ya ɗaga masa hannu kawai.

"Shina nan wurinka?" ya tambaye ni.

"Shina nan."

"Nuna mani."

Na juyo da laftof na ɗora a kan benci. Ya sunkuyo kusa da gilashin. Da kiran ya fara bai motsa ba, amma da aka zo kan sunayen na ga leɓɓansa na bi, ba sauti. Tsohuwar ta fito, ya kai yatsa ya taɓa ta a gilashin, ya bi ta da shi har ta iso komi. Ruwa ya fantsamo, hoton ya tsaya.

"Ina inda niy yi ma ɗiyar magana?"

"Na yanke shi, Baffa."

Ya gyaɗa kai. Bai ce in mayar farko ba, kamar yadda kowa ke cewa.

"Goge shi," ya ce.

Na goge a gabansa, da irin gogewar da ba a dawo da abu bayanta. Manhajar nan ta iya wannan sosai. Ban taɓa kama ta da cin amanata ba, har yau ita nake aiki da ita, idon kyamarar ma na nan a liƙe. Wayar mutane ce na daina buɗe wa baya in ba mai ita na tsaye ba, tela kuma tun ranar bai sake kirana sarkin sirri ba, da ma ya ci gaba da ya fi mani sauƙi.

"Ya hita?" in ji Baffa.

"Ya hita daga nan."

"Daga nan," ya maimaita. "Sauran hwa?"

Bai jira amsa ba. Ya dafa gwiwa ya miƙe. Na ce ya zo mu je gida ya ci abinci ya huta, Inna za ta so ganinsa. Ya ce a'a, rana na yi.

"Ka gaishe ta," ya ce. "Ka ce mata ta yi haƙuri, bana gonarku ba ta samun taki."

Wannan ne ganina da shi na ƙarshe. Daga baya aka ce ya ƙetara wurin 'yarsa, yana zaune a gidan suruki. Na tsaya a bakin rumfa ina kallonsa yana bin layin teloli a hankali. Ya kusa kai bakin hanya sai ga wani ɗan kabu-kabu ya taho daga wajen tasha, lasifikarsa a ɗaure a gaba, kiran na tashi har ƙarshen ƙarfinta. Mai babur ɗin bai san shi ba, ya yi masa hon ya kauce ya wuce. Baffa ya tsaya cak a tsakiyar hanya. Bai bi babur ɗin da ido ba. Juyawa ya yi ya dubi inda babur ɗin ya fito, ya daɗe yana duban hanyar, ko wani abu na biye da kiran.